Baƙin Fentin Ƙamus

Mijin yayata ba shi ya raɗa wa kansa Ƙamus ba, wannan kam zan yi masa adalci. 'Yan layinmu ne suka laƙaba masa don shaƙiyanci, saboda ba ka isa ka furta kalma a gabansa ba sai ya gaya maka asalinta da kakanninta da makarantar da ta yi. Shi kuwa ya ɗauka lambar yabo ce, ya karɓe ta hannu bibbiyu. Ko a waya ka kira shi, abin da za ka fara ji shi ne, "Ƙamus ke magana."

Tun da ya yi ritaya daga ofishin ruwa, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga hatimi, ba shi da aiki sai wasan nan na bayan jarida mai gidaje farare da baƙaƙe. Za a ba ka tambaya, ka nemo amsa, ka zuba harafi ɗaya a kowane farin gida, wasu kalmomin a kwance wasu a tsaye, suna ratsa juna. Da biro yake yi, wai fensir na masu shakka ne. Kuma bai taɓa barin gida fanko ba, yana ta nuna wa mutane. Ni da nake leƙa kafaɗarsa na san yadda ake ciki. In kalmarsa ta fi gidajen tsawo, sai ya cusa haruffa biyu ko uku a gida ɗaya kamar fasinjojin motar haya. In ta gaza, sai ya murza biro a kan ragowar gidajen har su koma baƙaƙe. Ka yi magana ya ce, "Wanda ya tsara ne ya yi kuskure, ni gyara masa nake yi." Amsoshin da jaridar ke bugawa washegari kuwa bai taɓa dubawa ba, wai likita ba ya tambayar majinyaci magani.

Da a nan abin ya tsaya, da ba ruwana. To amma akwai ɗaki guda a bakin ƙofar gidansu, mai taga da ke kallon titi, daidai shagona na gyaran waya. Nan ya jibge tsofaffin jaridu har sun kusa taɓa rufi, ya sa masa suna ofis. Yaya kuwa tela ce, kuma ɗinkinta ke riƙe da gidan, amma kekenta na lungun ƙarƙashin bene, inda in ta miƙe da sauri sai ta ƙume kanta. Masu kawo ɗinki a tsaye suke gwaji, a hanyar banɗaki. Abin ya daɗe yana cin raina, ita ma ta daɗe tana roƙon ɗakin.

Wata safiya muna zaune a bencin ƙofar shagona, ni da wanzami da mahauci da kafinta, shi kuma yana tsaye yana yi mana bayanin wata kalma da ba wanda ya tambaye shi, sai ga Yaya ta fito da tef ɗin awo a wuya, tana murza goshi.

Ta ce, "Malam, maganar ɗakin nan dai."

Ya ce, "Ofis."

"To, ofis. Ofishin da ɓeraye kaɗai ke zuwa aiki a cikinsa."

Wanzami ya tuntsire da dariya. Ƙamus ya gyara zaman tabarau, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar yana tausayinmu.

Ya ce, "Tunda an kai ga tonon asiri a titi, bari ku ji. Na je gidan jarida. Na gaya musu mai tsara musu wasan nan ba ya ƙetare rana bai yi kuskure ba, su sallame shi su ɗauke ni. Suka ce in kawo samfuri."

Na ce, "Bayan sun bar ka a benci har aka tashi daga aiki."

"Manyan mutane ake bari a benci, yaro. Samfuri a takarda aikin yara ne. Ni a bangon gidan nan zan zana nawa, daga sama har ƙasa, in ajiye alli, duk mai ji da kansa ya zo ya gwada. Kafin Asabar su da kansu za su zo su roƙe ni."

Yaya ta ce, "In suka ɗauke ka, ofis ya tabbata ofis, ba zan ƙara ɗaga maganar ba. In ba su ɗauke ka ba fa?"

"Ba zai yiwu ba."

"Na ce in ba su ɗauke ka ba."

Ya daki ƙirji ya ce, "Ki shigar da kekenki, ni in koma ƙarƙashin bene. Ga shaidu nan."

Mahauci ya ce mun shaida, kafinta ya ce mun shaida. Yaya ta juya ta koma ciki. Baki dai shi ke yanka wuya.

Ya sayo fenti fari da baƙi, ya ari tsanin kafinta. Kafinta ya haɗa masa da igiya da katakon awo don layukan su miƙe, ya mayar masa da su, ya ce idonsa ma'auni ne. Ya shafe bangon da fari, ya hau jan layuka. Gidajen sama suka fito manya kamar ƙofar firiji, domin a lokacin yana da ƙarfi da fili. Yana saukowa fili na ƙarewa, gidajen na ƙanƙancewa, har na ƙasa suka koma kamar kwalin ashana. Yana tsakiyar aiki ya tarar taga ta faɗo a tsakiyar zanen. Bai yi wata-wata ba ya rufe ta ya shafe ta da baƙi, ya ce ita ma baƙin gida ce.

Yaya ta leƙo ta ce, "Ɗakin zai yi duhu."

Ya ce, "Ƙwaƙwalwa ba ta buƙatar hasken rana."

Sauran baƙaƙen gidajen ya watsa su ne inda ya ga sun yi masa kyau a ido. Sannan ya koma gefe ya rubuta tambayoyi da lambobinsu, na kwance daban, na tsaye daban. Ina kallonsa daga shago. Ban ga ya zauna ko sau ɗaya ya gwada ko kalmomin za su ratsa juna lafiya ba.

Na tsallaka na ce, "Yallaɓai, amsoshin fa? Ka gwada su a takarda?"

Ya ƙwanƙwasa kansa da bayan buroshi, ya bar baƙin tabo a goshi, ya ce, "Suna nan. Kai da ba ka san komai ba sai kwance waya ka rasa inda za ka mayar da kusoshi."

Na koma shagona. Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba.

Mahauci ne ya fara ɗaukar alli. Tambaya ta farko a kwance ta ce, dabba mai ƙaho, gidaje shida. Ya goge hannu a riga, ya rubuta saniya, ta zauna daram. Mutanen da suka fara taruwa suka tafa.

Ƙamus ya girgiza kai yana murmushi ya ce, "Ka faɗi. Rago ne."

Mahauci ya ce, "Malam Ƙamus, ni fa da dabbobin nan nake kwana nake tashi. Rago ai ba zai cika gidajen nan ba, biyu za su yi saura."

Ƙamus ya matsa ya ƙidaya da yatsa, ya sake ƙidayawa daga baya. Ya ce, "Ƙaramin abu ne." Ya tsoma buroshi a baƙin fenti, ya shafe gidaje biyun ƙarshe.

Wanzami, wanda ya bar mutum da rabin aski ya fito kallo, ya ce, "To kalmar da ta sauko ta ratsa ta nan fa? Ka yanke mata kai."

"Wace kalma?"

"Ta uku a tsaye. Abin da ake sha da safe. Yanzu ba ta da harafin farko."

Ƙamus ya ja baya ya duba. Ya ce dama tambayar ba ta da zurfi, ba ta kai matsayinsa ba. Ya bi kalmar tun daga sama har ƙasa ya shafe ta. Ita kuma a hanyarta ta ratsa wasu kalmomin biyu, suka koma guntaye. Ya bi su su ma. Kafin rana ta take, kusurwar hagu ta sama ta zama baƙa ƙirin, shi kuwa yana gaya wa jama'a cewa haka manyan masu tsarawa ke yi, ana tacewa.

Washegari aka shiga tambayoyin da ya ce na gida ne, waɗanda ya tsara don 'yan layi su ji daɗi. Ɗaya ta ce, mai sana'ar da ya fi kowa cutar jama'a, gidaje bakwai. Wanzami ya zo da sassafe ya rubuta mahauci, ta shiga cif. Mahauci ya fito ya gani, ya goge da gefen hannu, ya ƙidaya, ya rubuta wanzami, ita ma ta shiga cif. Kafinta ya tsaya yana yi musu dariya har da riƙe ciki, sai su biyun suka dubi juna, suka ƙidaya, suka goge suka rubuta kafinta.

Kafinta ya ce, "Ni? Wa na cuta?"

Wanzami ya ce, "Kujerar da ka yi min ƙafa uku ke taɓa ƙasa, ta huɗun tana hutu."

"Ƙasan shagonka ne a karkace. Kai da ka aske wa ɗana kai ka bar shi kamar gonar da awaki suka shiga?"

Mahauci ya ce, "Ku dai ku daidaita tsakaninku."

Suka juyo kansa tare. Wanzami ya ce, "Kai ka yi shiru. Babban yatsanka ya fi kowane nama hawa sikeli, ya kamata a ce ya ƙare tuntuni."

Wanzami dai ba ya son jarfa, sauran ma haka. Aka yi ta cacar baki har aka rasa mai jin wani, sannan suka tuna akwai wanda ya rubuta tambayar. Suka nufi Ƙamus, kowa da abin da ya fito da shi a hannu ba tare da ya lura ba: wannan aska, wannan wuƙa, wannan guduma.

Mahauci ya ce, "Malam Ƙamus, kai ka tsara. Wa kake nufi a cikinmu?"

Ƙamus ya ce, "Amsar tana kaina."

"To fito da ita."

Ya dubi askar, ya dubi wuƙar, ya dubi gudumar. Ya ce, "Ni bakanike nake nufi."

Kafinta ya ƙidaya a yatsu ya ce, "Bakanike takwas ne. Gidajenka bakwai."

Sai ga bakaniken layin, wanda ba wanda ya san yana wurin, ya turo kai daga bayan mutane, hannunsa duk baƙin mai, ya ce, "Wa ya kira ni?"

Ƙamus ya haye tsani da saurin da ban taɓa sanin yana da shi ba, ya shafe layin gaba ɗaya da duk abin da ya ratsa shi. Yana saukowa kafinta ya saɓa tsaninsa a kafaɗa, ya ce ba zai ba da aron abin da ake hawa a zage shi ba.

Rashin tsani bai karya masa gwiwa ba. Ya ɗaura buroshi a sandar share yanar gizo, ya ci gaba da gyara daga ƙasa. Sai dai sanda ba ta san iyaka ba. In ya nufi gida ɗaya sai ta lashe maƙwabcinsa, fenti kuma na gangarowa ta jikin sandar ya bi hannunsa har cikin hammata. Ya koma kamar wanda ya faɗa rijiyar tawada, tabarau ɗinsa kaɗai ke ƙyalli.

Daga nan abin ya zama wasan gari. Akwai tambayar da ta ce, wadda muryarta ta fi lasifika. Mata uku suka zo kowace tana cewa da ita yake, kuma duk wanda ya ji su ya san kowace tana da hujja. Ya shafe. Akwai wadda ta ce, gidan da ake jin ƙamshin girki ba a taɓa ganin kwano ya fito ba. Maigidan da abin ya shafa bai jira an rubuta sunansa ba, ya zo da kansa ya tsaya har aka shafe. Zuwa tsakiyar mako mutane sun gane cewa ba sai ka nemo amsa ba, ka dai ɗaure fuska ka ce an taɓa ka, sai ka ga sanda ta tashi. Masu jiran aski suka fito da benci waje. Wasu na ɗauka a waya suna turawa, ni kuma ina cajin wayoyin, don haka ba zan ce ban amfana ba.

Na shiga gaida Yaya na tarar tana ninke yadudduka tana jerawa a kwali.

Na ce, "Yaya, ba za ki yi masa magana ba?"

Ta ce, "Na ce masa me? Yana aiki. Ka zo min da ɗan mai ka ɗiga a ƙafafun keken nan, sun daɗe ba su motsa ba."

Ran Juma'a da yamma ya tsallako shagona yana sheƙi, ya ce gidan jarida sun kira, editar shafin wasanni da kanta za ta zo gobe da mai ɗaukar hoto.

Ya ce, "Na gaya muku. Sun ji labarina."

Sun ji kam. Hoton faɗan wanzami da mahauci ya zaga wayoyin gari, har ya kai wurinsu. Na so in gaya masa ya tsallaka titi ya dubi bangon daga nesa, domin shi kullum hancinsa na jikin bango, gida ɗaya yake gani a lokaci guda. Amma na tuna goshin Yaya, sai na ce masa Allah ya kai mu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Asabar da hantsi layinmu ya cika har masu babur na sauka suna turawa. Ƙamus ya fito da kwat ɗin da ya yi ritaya da ita, ya goge jiki da kananzir amma kunnuwansa da gefen wuyansa sun ƙi fita. Ya sa an jera tebur, an ɗora benci a kai, a madadin tsani. Wata ƙaramar mota ta tsaya, edita ta fito, mace mai matsakaicin shekaru da jaka a kafaɗa, mai hoto na biye da ita.

Ya tare ta da cewa, "Ranki ya daɗe, Ƙamus ke magana. Yau za ki ga abin da kuka daɗe kuna rasawa."

Ta gaishe shi cikin ladabi, ta juya ta dubi bangon. Ta dubi gidan da ke dama, ta dubi na hagu, ta sake duban bangon.

Ta ce, "Malam, ina wasan yake?"

"Ga shi a gabanki."

Sai a lokacin ya juya ya kalla daga inda take tsaye. Bango baƙi ƙirin daga sama har ƙasa, kamar allon makaranta. Abin da ya rage fari shi ne ɗan siririn layi guda can sama da taga. Amma Ƙamus ba ya faɗuwa sau ɗaya, sai ya gyara kwat ya yi gyaran murya.

Ya ce, "An tace ne, ranki ya daɗe. Masu ƙaramin sani su ke cika shafi da tarkace. Ni na rage tambaya guda, wadda ta fi duka nauyi."

Ta ce, "Wacce?"

Ya nuna gefen bango, ya karanta da ƙarfi, "Wanda ya fi kowa basira a wannan layin." Ya juyo ga jama'a ya buɗe hannuwa. "To, 'yan'uwa, ku gaya wa baƙuwa."

Wani ya yi tari. Can wanzami ya ɗaga kai ya ƙidaya da baki, ya ce, "Gida huɗu ne."

Ƙamus ya ce, "Biyar."

Mahauci ya ce, "Huɗu nake gani."

"Kai sikelinka ma ba ka gani daidai, balle bango."

Daga baya wani ya ce wawa ma huɗu ne, aka kwashe da dariya. Ni kuma na ce tela ma huɗu ce, Yaya ta harare ni daga bakin ƙofa.

Edita ta ce, "Malam, ka rubuta mana amsar kawai mu gani."

Ya karɓi alli, ya taka tebur, ya taka benci, kafinta ya riƙe masa don kar a ce kayansa ne suka kayar da shi. Ya miƙa hannu ya rubuta Ƙ, ya waiwayo ya yi wa mai hoto murmushi. Ya rubuta A, ya rubuta M, ya rubuta U. Ya ɗaga alli zai rubuta harafin ƙarshe, sai ya tarar da baƙi. Ashe sandar nan ta lashe gidan tun shekaranjiya, garin gyaran wata kalma da ta sauko ta nan.

Ya tsaya da alli a sama. Ya ƙidaya daga dama, ya ƙidaya daga hagu. Jama'a na jira. Sai bakinsa ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru, ba tare da ya shawarci kansa ba.

Ya ce, "Wanda ya tsara ne ya yi kuskure."

Edita ta buɗe jaka ta ciro biro, ta tambaya da zuciya ɗaya, "Wa ya tsara?"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mahauci ya zauna a ƙasa. Wanzami ya rungume kafinta, kafinta ya saki benci ya rungume shi, benci ya karkata, Ƙamus ya sulalo a hankali yana goga kwat ɗinsa a bango, ya dire a kan tebur a zaune. Mai hoto bai rasa ko ɗaya ba.

Bai haƙura ba. Daga kan teburin ya ce, "Ana iya haɗa haruffa biyu a gida ɗaya. Ni kullum haka nake yi da naku."

Ta ce, "Haka kake yi da namu?"

"Kullum. In ya yi saura kuma in shafe."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka warware wa wani abu da ya daɗe yana damunta. Ta mayar da biro cikin jaka.

Ya ce, "To yaushe zan fara?"

Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ko da muna so, ba mu da tawadar da za ta buga wannan."

Shaidu ba su jira an tuna musu ba. Mutum ukun nan da suka kwana biyu ba sa gaisawa suka shiga gidan kafaɗa da kafaɗa. Jaridu suka fara fitowa ɗauri-ɗauri, ɓeraye na tsalle suna neman sabon wurin aiki. Ni da bakanike muka turo keke, ƙafafunsa na tafiya sumul. Ƙamus na zaune a kan tebur yana cewa a dakata, akwai wasu gidajen jaridar, ba wanda ya ko waiwaye shi. Raina fari tas, kuma ban ɓoye ba.

Can aka ji bugu daga cikin bango. Fenti ya manne tagar, sai da aka daka ta sau biyu sannan ta ɓalle, baƙin gidan da ke tsakiyar zanen ya buɗe, kan Yaya ya leƙo da tef a wuya. Ta shaƙi iska, ta dubi titi dama da hagu. Jama'a suka tafa mata tafin da Ƙamus ya kwana bakwai yana jira.

Edita ta matsa jikin tagar ta ce, "Baiwar Allah, kina ɗinkin riga da siket?"

Yaya ta ce, "Shigo daga ciki, yanzu akwai wurin zama."

Da ta gama awon ta fito ta tsaya gaban mijinta, ta miƙa hannu ta ce, "Malam, ara min allin nan." Ya ba ta ba tare da ya ɗago ba. Ta je jikin bangon ta rubuta da manyan haruffa, ANA ƊINKI A NAN, ya fito fes a kan baƙin, ana hango shi tun daga bakin titi. Ta dawo ta ce, "Sannu da aiki. Fentin ya kama sosai."

Yanzu kusan kullum akwai abin da take rubutawa a bangon, sabon yayi ko ranar karɓar ɗinki, kuma masu kawo kaya sun ƙaru, domin duk garin an san gidan. Shi kuwa yana ƙarƙashin bene da kujera guda da ɗaurin jarida guda, abin da wurin ya iya ɗauka ke nan. Shekaranjiya na shiga, ya hango ni, ya miƙe da sauri zai nuna min wanda ya cika da safe, kansa ya daki bene har sai da na ji a haƙorina. Ya dafe wurin ya ɗaga kai ya ƙare wa simintin kallo.

Ya ce, "Wanda ya gina benen nan ne ya yi kuskure."

Daga ɗakin gaba keke ya tsaya. Yaya ta kira ni ta ce, "Ragowar baƙin fentin nan yana bayan ƙofa. Ɗauke shi ka kai shagonka, ka kulle."